Yawon Émilienne a Garwa

Émilienne ta sauka a tashar motocin Poli da ke Garwa da buhun gyaɗarta kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon ba ta ɗora shi a ka ta kama hanya ba. Ta tsaya jikin mota tana jira, har Hajja Aisatu ta iso ta kama hannunta.

"Maman Nicolas, ashe abin ya kai haka?"

"Ya kai, Hajja. Da muryarki na gane ki."

Émilienne manomiya ce daga wani ƙauye da ke gindin duwatsun Poli. Tun tana amarya take kawo gyaɗa da zuma da man kaɗe kasuwar Garwa, kuma tun a lokacin Hajja Aisatu ce ke sayen kayanta. Ita Hajja 'yar gidan fatake ce, kakanninta sun zo garin da fataucin goro suka zauna. Da Fillanci suka fara ciniki, a hankali Émilienne ta tsinci Hausa a bakin Hajja, cinikin kuma ya zama ƙawance. Duk zuwan da za ta yi a ɗakin Hajja take kwana, da safe wannan ta yi sallarta, waccan ta yi addu'arta, su sha koko tare.

A shekarar 1996 ne idon ya tsananta. Da farko gefe-gefe ne ya fara duhu, sai ta riƙa tuntuɓe da turmi da kujera a tsakar gidanta. Yanzu abin da ya rage mata ɗan ƙaramin haske ne a tsakiya, kamar mai leƙe ta ɓular ƙofa.

Washegari Hajja ta kai ta asibiti. Likitan ya daɗe yana haska idon, ya yi bayani da Faransanci, wata nas ta juya musu. Ta ce cutar ƙudan rafi ce mai makanta mutum, ta daɗe a jiki, ta riga ta cinye jijiyar. Za a ba ta magani don ƙaiƙayin fata, amma gani ba zai dawo ba, ɗan abin da ya saura ma da wuya ya wuce damina.

Émilienne ta ɗaura ɗankwalinta da kyau, ta yi wa nas godiya, suka fito. Sai da suka zauna a kan wani dakali a ƙofar asibitin sannan ta yi magana.

"Hajja, kin san duk daɗewar da na yi ina zuwa garin nan, abu uku na sani? Tasha, kasuwa, da ɗakinki."

"To ai su ne Garwa."

"A'a. A ƙauye ana ce da ni 'yar birni. Yara su tambaye ni yadda kaza yake, in yi musu ƙarya. Ki zaga da ni gobe. Ina so in ga garin kafin a rufe mini."

Hajja ba ta taɓa rufe rumfarta ranar ciniki ba sai don rasuwa ko biki. Amma ranar ta bar wa ƙanwarta rumfar, ta saka mayafinta na fita kunya, ta ba Émilienne wani sabon zani ta ɗaura.

Suka fara da gadar Binuwai tun rana ba ta yi zafi ba. Émilienne ta sha wucewa ta kanta a cikin mota, a matse tsakanin buhuna, amma ba ta taɓa taka ta da ƙafa ba. Ta riƙe ƙarfen gefen gadar, tana juya kai a hankali, tana neman ruwan da ɗan hasken da ya rage mata.

"Na ga ƙyalli," ta ce. "Kamar an baza kwanon sha a rana."

"Shi ne ruwan. Ga masu jiragen yashi can. Ga kuma dorina, biyu ma, kusa da tsibirin."

"Ina?"

Hajja ta kama haɓarta ta juya mata fuska. Émilienne ta ƙura ido har hawaye ya zubo don wahala, ba ta same su ba. Can sai ɗaya ta yi gurnani, ƙarar ta biyo ruwa ta iso gare su. Émilienne ta yi dariya, ta ce muryar sak ta mijinta in ya ƙoshi da giyar dawa.

Daga nan suka je gidan namun daji. Zakin da ake ta ba da labarinsa yana kwance can cikin inuwa, Hajja ma da ƙyar ta hango wutsiyarsa. Émilienne ta shaƙi iska ta ce ta ji warinsa, ya ishe ta. Jimina ce kaɗai ta yi musu kirki, ta matso har bakin waya ta miƙo wuya, Émilienne ta bi ta daga kai zuwa ƙafa, guntu-guntu, tana mamakin yadda halitta za ta yi wannan tsawo da ɗan kai kamar na agwagwa. Da azahar Hajja ta shiga sashen mata na babban masallaci ta yi salla, ita kuwa ta zauna a inuwar katanga tana shafa sanyin dutsen da tafin hannu.

Da Hajja ta fito ta ce su koma gida su huta, ƙafafunta sun fara kumburi.

"Saura wuri ɗaya," in ji Émilienne. "Wanda suke kira mize. Gidan da ake ajiye kayan mutanen da."

"Me za ki gani a can? Tsofaffin tukwane? Ai kina da su a gida."

Sai Émilienne ta gaya mata. Nicolas, ɗanta na fari, wanda sanƙarau ya ɗauke yana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, a nan Garwa, ya taɓa zuwa gidan tare da 'yan ajinsu. Da ya koma hutu ya ce mata ya ga wani tsohon hoto a bango, an rubuta sunan ƙauyensu a ƙasa, kuma a cikin matan da ke hoton akwai wata da ta yi kama da ita har ya tsorata. Tsofaffin ƙauyen sun tuna cewa wani Bature ya taɓa zuwa da akwatin ɗaukar hoto a zamanin Faransa. Uwar Émilienne kuwa ta rasu tun ita tana tatata, ba ta san fuskarta ba.

"Ya ce zai kawo ni. Ni kuma kullum sauri nake, kada mota ta tafi ta bar ni. Da ya rasu sai na kasa. Ko unguwar ba na son a ambata."

Hajja ta san Nicolas, a gidanta yake cin tuwon Lahadi. Amma wannan maganar ba ta taɓa jin ta ba. Ta miƙe ba ta ƙara cewa komai a kan ƙafarta ba.

Gidan ƙarami ne, a bayan wasu ofisoshi, sai da suka yi tambaya sau da yawa kafin su same shi. Mai kula da wurin wani dattijo ne mai suna Barthélemy, yana gyangyaɗi a kan kujera a bakin ƙofa. Ya yi murna da ganin baƙi, ya ce sai dai su yi haƙuri, an ɗauke wuta tun safe.

Ciki duhu ne, ga warin tsohuwar fata. Da shigarsu Émilienne ta ƙanƙame hannun Hajja, don ɗan hasken nata ya ɓace gaba ɗaya. Barthélemy ya shiga gaba yana bayani da Fillanci: ga sirdi da linzami na mayaƙan da, ga masu da garkuwar fatar ɓauna, ga ƙoren da matan Fulani ke zana wa ado. Hajja tana siffanta mata su da Hausa, tana ƙara nata. Da suka zo sashen mutanen dutse, dattijon ya lura da halin da baƙuwar ke ciki. Ya waiga, ya ga ba kowa, ya ɗauko wata 'yar tsana ta itace mai ado da duwatsun wuya ya sa mata a hannu.

Yatsunta suka bi ta. "Irin tamu ce," ta ce. "Macen da haihuwa ta yi wa wuya ke goya ta. Wannan an goya ta sosai, ji yadda bayanta ya yi santsi." Ta miƙa masa. "Baba, akwai hoto a nan na wani ƙauye a ƙasar Poli?"

Ta faɗi sunan ƙauyen. Barthélemy ya ce akwai, ya kai su ƙuryar ɗakin. Hajja ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba sai baƙin katako da gilashi. Ta yi wa dattijon bayani a taƙaice. Ya ce doka ba ta yarda a taɓa ba, sannan ya jawo kujerarsa ya hau, ya sauko da hoton, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya fita da shi rana.

A waje ya jingina shi a kan kujerar. Hajja ce ta fara dubawa. Mata ne suna daka a gaban rumbu, duk sun sunkuya a kan turame, sai ɗaya da ta ɗago ta dubi mai ɗaukar hoton, taɓarya a hannunta. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai 'yar autar Hajja ba. Amma goshin nan, da faɗin bakin, da yadda kafaɗar hagu ta ɗan sauka, Hajja ta san su tun ranar da wata amarya daga Poli ta fara tsayawa a gaban rumfarta da tulun zuma. Ta toshe bakinta da mayafi.

Barthélemy ya dubi hoton, ya dubi Émilienne, ya cire hularsa. "Madam," ya ce, "ai ke ce."

Émilienne ta durƙusa a gaban kujerar, ta kai fuskarta kusa da gilashin, ta ja baya, ta sake matsowa. Tana juya kai sannu-sannu.

"Na ga turmi," ta ce. "Na ga ƙafa... wannan hannu ne?"

"Hannunta ne. Ɗaga sama kaɗan."

Hajja ta kama kanta da hannu biyu ta saita mata. Émilienne ta daɗe a haka. Ta ce ta ga wani abu mai duhu da ɗan fari a ciki, wataƙila ido ne. In ta matsa don ta ga baki, sai idon ya ɓace. In ta koma, sai ta rasa inda ta baro. Hasken rana a kan gilashin ya sa idanunta suka fara zubar ruwa, ta goge, ta sake gwadawa, har gwiwoyinta suka gaji ta zauna a ƙasa.

"Ba ya haɗuwa, Hajja. Faɗa mini kawai."

Hajja ta zauna kusa da ita a kan simintin, ta fara. Ta faɗi goshin, ta faɗi bakin, ta faɗi awarwaron ƙarfe a hannu da duwatsun da ke ƙugu.

"Tana dariya?"

"A'a. Ta ɗan tsuke ido, kamar rana ta dame ta."

"Ramammiya ce?"

"Tana da jiki. Ta fi ki ƙarfi."

"Ba yaro kusa da ita?"

Hajja ta sake dubawa. "Akwai goyo. Kan bai fito ba, sai 'yar ƙafa a gefen ƙugunta."

"Ko ni ce, ko yayana da ya rasu." Émilienne ta miƙa hannu, Hajja ta ɗora mata yatsa a wurin. Ta bar shi a kan gilashin mai zafi.

Da Barthélemy ya mayar da hoton, Émilienne ta roƙi a sake shigar da ita. Ta ce a tsayar da ita daidai inda mai kallon hoton zai tsaya. Suka tsayar da ita a ƙuryar, fuskarta ga bango, a cikin duhun da ba ta ganin komai.

"Nan Nicolas ya tsaya ke nan," ta ce.

A nan ne kukan ya zo mata, wanda ba ta yi a asibiti ba. Dattijon ya fita waje ya ba su wuri. Hajja ta riƙe ta, ita ma tana nata.

Washegari Hajja ta kai ta tasha, ta damƙa ta a hannun direba, ta ce ya sauke ta a ƙofar gida ba a bakin hanya ba. Émilienne ba ta sake zuwa Garwa ba. Kafin a yanke dawa idon ya rufe. 'Yarta Lucienne ce ta ci gaba da kawo kaya kasuwa, ita ke kawo gaisuwa ta koma da gaisuwa.

Da rani ya zagayo Hajja ta shiga motar Poli, karo na farko a rayuwarta. Hanyar ta jijjiga ta har ta yi rantsuwa ba za ta sake ba. Ta tarar da Émilienne a inuwar rumbu tana tufkar igiya, ta rame, gashinta ya yi fari. Suka gaisa, suka tambayi mutanen gida, aka kawo wa baƙuwa ruwa. Da mutane suka watse, Émilienne ta lalubo hannunta.

"Hajja, sake faɗa mini yadda take. Lucienne ta je ta gani, amma ba ta iya faɗa ba. Cewa kawai take yi ta yi kama da ni, ni kuwa na fara manta tawa fuskar."

Hajja ta rufe ido tana nemo hoton. Ta ga ashe ita ma wasu abubuwan sun fara zame mata, ba ta tuna ko a hannun dama awarwaron yake ko a hagu. Ta gyara zama, ta fara da abin da take da tabbas a kansa.