Rigar da Gwadabe Ya Tuɓe

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, duk Tudun Wada babu maɗinkin da ya kai Gwadabe iya sarrafa allura. Kuma ya san da haka, don shi ba mutum ne mai ɓoye kansa ba. Abu ɗaya ke damunsa: yayansa Mahmudu, wanda ya rene shi, ya tafi Ikko fataucin goro tun Gwadabe na koyon ɗinki, bai taɓa ganin abin da ƙanen nasa ya zama ba.

Ana nan sai wani Bature mai ɗaukar hoto ya zo unguwar da akwatinsa mai ƙafa uku. Tafintansa Sabo ya ce hotunan har Ikko ake kai su a sayar. Gwadabe na jin haka ya faɗa gida, ya fito da babbar rigar da ya ɗinka wa kansa, mai aiki tun daga wuya har aljihu. Don zafi da gaggawa ko taguwa bai sa a ciki ba.

"Yanzu Yaya Mahmudu zai gan ni," ya ce wa matarsa Lauratu.

Baturen ya matso, ya shafa aikin wuyan, ya yi magana.

"Ya ce bai taɓa ganin irinta ba," in ji Sabo.

To, babban baƙo ya yaba abinka a gaban jama'a, me ya rage? Gwadabe ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya tuɓe rigar, ya miƙa da hannu biyu, ya tsaya daga shi sai wando.

Idon Baturen ya yi haske. Ya ajiye rigar a kan katanga ko kallonta bai sake yi ba, ya karɓo mashin wani maharbi da ke cikin 'yan kallo, ya danƙa wa Gwadabe, ya sa aka naɗe masa wandon har cinya. Gwadabe ya ga abin banbaraƙwai, amma ba a musu da baƙo, balle Bature. Ya ɗauka wasa ne kafin a yi na gaskiyar. Baturen ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya fito, ya naɗe kayansa ya wuce. Rigar ma a katanga ya bar ta.

Bayan damina Kailani, abokin fataucin Mahmudu, ya yi sallama a zauren Gwadabe da ƙunshi a hammata. Suka gaisa, Kailani yana ta kallonsa sama da ƙasa kamar mai duba majinyaci. Daga nan ya zaro wani ɗan kati mai hoto.

Gwadabe ne, ƙirji a waje, mashi a hannu, rana ta sa ya yamutsa fuska.

"A kantin Turawa yayanka ya gani," in ji Kailani. "Wani akawu ya karanta masa rubutun ƙasan. Wai mafarauci daga dajin Zariya. Yayan naka kwana ya yi yana kuka. Ya ce ga wannan, ka rufa asiri."

A cikin ƙunshin wata tsohuwar riga ce, aikinta a karkace, irin wanda Gwadabe ba zai bar almajirinsa ya fitar ba.

Gwadabe ya tashi ya fita. Ya nemo Sabo a bariki, ya ce a karɓo masa hotunan ya ƙone. Sabo ya ce Baturen ya daɗe da hawa jirgin ruwa, kuma a can ƙasarsu ake buga katin, in ya ƙare a sake bugawa, mutane na aika wa 'yan'uwansu su ga yadda muke.

Gwadabe ya dawo ya zube wa Kailani duk rigunan da ya ɗinka.

"Ka gani da idonka. Ka gaya masa ƙarya ce."

Kailani ya sunkuyar da kai. "Zan faɗa, Malam Gwadabe. Amma ya riga ya ce min haka za ka yi, wai tun kana yaro ba ka son a san kana cikin wahala. Ya ce ko aro ne za ka yi ka nuna min. Ya ce shi ya ga hoto."

Gwadabe ya dubi rigunansa da ke zube. Sannan ya ɗauki tsohuwar rigar da hannu biyu.

"Ka ce masa na gode."