Matar da Ke Wanke wa Baba Kai

Tun muna yara mun san kakarmu ta rasu wurin haihuwa, kuma Baba kaɗai ta bari. Amma Baba ya dage yana tuna ta: wata mata mai wushirya tana wanke masa kai a baho, sabulu ya shiga idonsa, tana hura masa. 'Yan'uwa kan yi dariya, su ce ai goggonsa ce, jaririn kwana ɗaya me zai tuna? Da tsufa ya kwantar da shi, sai ya daina musu. Wannan shirun ne ya dame ni.

Da aka ba mu hutun makaranta na tafi ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Ɗaki ne mai fanka ɗaya, da kantoci cike da manyan littattafan da gara ta ɗanɗana. Akawun ya ce yayana ma ya taɓa zuwa, ya duba shekarar haihuwar Baba, bai ga rasuwar ba, ya ce mantawa aka yi, ya tafi.

"Ku masu alli kun fi haƙuri, Malama," in ji shi, ya turo mini kujera.

Na sami Baba, da sunan uwarsa, da na ubansa kafinta. Na ci gaba shekara bayan shekara, ina bin layi da rula kamar mai duba jarrabawa. Sai a shekarar da Baba ya cika huɗu na ga sunanta. Wurin haihuwa ta rasu, gaskiya ne, amma ba tasa ba. A shafi na gaba an rubuta wata jaririya da ta bi ta bayan wata guda. Manya ba su ƙara ambatar yarinyar ba, na baya kuma suka ɗauka haihuwar Baba ake nufi, tunda shi kaɗai suka gani.

Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, rediyo a cinya. Na faɗa masa a hankali, sau biyu.

"Ita ce ke nan," ya ce.

Na ce da alama ita ce, Baba.

Ya tambaya ko an sa wa jaririyar suna. Na faɗa masa, ya maimaita shi kamar mai koyon karatu. Sannan ya ce in kira masa yayana a waya.

"Ki ce wa sarkin gaggawan nan ya zo ya ji. Ashe ni ma yayan wata ne."