Hutun Malam Nata'ala

Tun yana yaro a ƙauyen Mabai Abdulgafar ya yi wa kansa alkawari cewa duk ranar da Allah ya buɗa masa, abin da zai fara yi shi ne ya raba mahaifinsa da fartanya. Ba kuma wanda zai ga laifinsa. Ya buɗe ido ya ga mahaifin nasa, Malam Nata'ala, yana fita gona tun rana ba ta ɗago ba, gonar ga nisa, ba jaki ba keke, ya dawo da yamma da damin harawa a ka, dugadugansa duk faso. Mutum ne siriri, busasshe kamar sandar makiyayi, har ya haura sittin ba a taɓa jin ya kwanta ciwo ba in ban da zazzaɓin damina. To amma ɗa ba ya lura da lafiyar ubansa, wahalarsa kawai yake gani.

Allah kuwa ya buɗa. Abdulgafar ya shiga fataucin hatsi, yana saye a kasuwannin Sheme da Sabuwa yana lodi zuwa Kudu, ya gina gida a cikin garin Ƙanƙara, ya je Makka ya dawo Alhaji. Ya roƙi tsohon ya dawo gari ya fi a ƙirga, tsoho yana cewa sai bayan girbi, girbin kuwa ba ya ƙarewa. Abin da roƙo ya kasa yi, 'yan bindiga suka yi shi a damina ɗaya. Gonakin nesa suka gagara zuwa, aka ɗauke maƙwabcin tsohon yana tsakiyar huɗa, ga shi mahaifiyar Abdulgafar ta riga mu gidan gaskiya, ba sauran abin da zai riƙe shi a ƙauye. Ya ƙulle 'yan kayansa a buhu ya shiga motar ɗansa suka taho gari.

Ranar Abdulgafar ya yi farin cikin da bai taɓa yi ba. Ya ware wa mahaifinsa ɗaki mai fanka da katifa, ya sayo wata lafiyayyar kujera mai taushi aka ajiye a zaure. Matarsa Hafiza, mace mai kirki da son lada, ta ɗaura ɗamarar ciyar da suruki: da safe shayi mai kauri da madara da suga, da rana shinkafa tana ninƙaya a mai, da dare tuwo da nama, a tsakani ga lemon kwalba mai sanyi. Buta ma a cike ake kawo masa har gabansa. Masallacin unguwa yana jikin katangar gidan, na Juma'a kuwa a mota ake kai shi.

Malam Nata'ala ya yi haƙuri iya haƙuri. Da damina ta faɗi sai ya kasa. Akwai wani kango a bayan layinsu, na wani Alhaji Rabo, ciyawa ta cinye shi. Tsoho ya nemi izini, ya ciro fartanyarsa daga ƙasan buhu, ya share wurin ya shuka masara da kuɓewa. Kwanakin nan kaɗai aka ji yana ɗan waƙe-waƙe in zai yi alwala.

Labarin ya iske Abdulgafar a kasuwar Sheme, ta bakin Badamasi, abokin sana'arsa, mutumin da bakinsa ba ya ganin rami ya kauce. A gaban 'yan dako da dillalai ya dube shi ya ce, "Alhaji, halan kasuwa ta karye ba mu sani ba? Na ga tsoho yana ƙwadago a kangon Rabo." Aka yi dariya, shi ma ya taya su, amma maganar ta soke shi har ƙahon zuci. Duk abin da ya tara, don wa ya tara? A ce yana da mota biyu, uban da ya haife shi yana duƙe a kangon wani?

Da ya dawo ya tarar da tsohon a zaure yana kankare laka daga ƙafarsa. Ya tsuguna a gabansa.

"Baba, ka ruhwa mani asiri. Mutane na cewa na kasa riƙe ka."

Malam Nata'ala ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, tun da ɗan ya je Makka sai ya samu sauƙi yana ce masa Alhaji. Ya ce, "Alhaji, ba yunwa ta kai ni ba. Jikin nan in bai yi zuhwa ba, ba shi barci."

"Ka yi zuhwa shekara sittin, Baba. Ta isa haka. Ka bar ni ni ma in samu lada."

Tsohon ya dube shi. Ba ya son ya zama sanadin zubewar mutuncin ɗansa a gari, sai ya jawo fartanyar ya miƙa masa. Masarar ta bushe a tsaye, awaki suka ƙarasa kuɓewar.

Daga nan Malam Nata'ala ya zauna. Ya zauna da safe, ya zauna da rana, carbi a hannu, rediyo a gefe. Kumatu suka fito, wuya ya yi taiɓa, tsofaffin wandunansa suka daina shiga. Mu kuwa haka muke, in mutum ya yi tumbi sai mu ce daɗi ne ya ratsa shi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce hutu ya karɓi Malam, ya juya ya sa wa Abdulgafar albarka, ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinka. Abdulgafar yana sunkuyar da kai yana amsawa, zuciyarsa fari ƙal.

Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta. Tsoho ya fara yawan ƙishirwa, buta ba ta hutawa saboda zagayawa, ƙeyarsa na nauyi, in ya miƙe sai ya dafa bango. Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Sai ranar da jiri ya kayar da shi a wurin alwala aka kwashe shi zuwa asibiti.

Likita ya auna ya ce hawan jini ne da ciwon suga, duka biyun sun yi nisa. Ya tambaya wane aiki Baba yake yi. Abdulgafar ya gyara zama, har da ɗan alfahari, ya ce, "Ba shi komai, likita. Ko buta ba shi ɗauka." Likitan ya ajiye alƙalami ya dube shi, ba da faɗa ba, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce jiki an yi shi ne don motsi, kuma wannan tafiya gona da noman da ake gani wahala, su suka tsare Baba duk shekarun nan, suna ƙone suga da kitsen da ya ci, suna sa jini ya gudana ba tare da ya takura zuciya ba. An ɗauke masa su rana ɗaya, aka ƙara masa mai da zaƙi, bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Ya ce zai rubuta magani, amma magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. A rage gishiri da mai da suga, sannan ya riƙa tafiya da ƙafa kullum, safe da yamma, har sai ya ɗan yi gumi.

Abdulgafar ya fito jikinsa a sanyaye. A yi masa adalci, bai yi gardama ba, don yana son mahaifinsa fiye da yadda yake son sunansa. Ya sayi magani mafi tsada, Hafiza ta canja girki tana hawaye, ya kuma ce Baba ya riƙa fita. Tsoho ya yi murna kamar wanda aka sako daga kurkuku, washegari ya ɗauki sanda ya kama hanya.

Sai dai garin duka ya san mahaifin Alhaji Abdulgafar, kuma a wurinmu yaro mai tarbiyya ba ya wuce dattijo a kan babur yana tafiya a ƙasa. Kafin ya kai bakin titi ɗan acaɓa ya ci burki, Baba hau in kai ka. Ya yi godiya ya sallame shi. Na biyu ya tsaya, shi ma ya sallame shi. Na uku sai ya ce, "Wallahi Baba ba ni wuce ka. In Alhaji ya ji, mi zan ce mashi?" Tunda ya rantse, Malam Nata'ala ba zai jawo wa ɗan mutane kaffara ba, sai ya hau. To ina za a kai mutumin da ba inda za shi? Aka mayar da shi gida. Haka aka yi ta yi kusan kullum. In ya ce tafiya kawai yake yi, sai a kalle shi da tausayi, don ba a san dattijo yana tafiya ba kasuwa ba gaisuwa ba jana'iza ba. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗin cewa tsohon Alhaji ya fara gigin tsufa, yana yawo bai san inda ya nufa ba.

Wannan Abdulgafar zai iya haɗiye ta. Wadda ta tsaya masa a wuya ita ce maganar wani dattijon unguwa, da ya ja shi gefe ya tuna masa irin zamanin da ake ciki. Uban mai kuɗi yana fita shi kaɗai a lokaci ɗaya kullum, ga masu kai wa 'yan daji rahoto sun cika gari, ai tallar kai ce. Gaba kura baya sayaki. Abdulgafar ya ce Baba ya riƙa zagaya tsakar gida kawai.

Tsakar gidan kuwa ta Hafiza ce, nan take wanki, nan take girki. Duk sanda surukinta ya gifta sai ta saki abin da ke hannunta ta gyara mayafi ta durƙusa, ya zagayo ta sake durƙusawa. Shi yana jin kunya, ita tana jin kunya, tuwo na ƙonewa. Mutumin da ya saba keta daji ba zai yi ta kewaya igiyar shanya a gaban matar ɗansa ba. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, ya dai koma kujerarsa.

Abdulgafar ya san tsohon ya daina, kuma ya san mafita, don ba ɓoyayyiya ba ce. In shi da kansa ya jera da mahaifinsa kowace safiya, ba ɗan acaɓan da zai tsaya, ba mai cewa gigi ne. Ya ƙudurta zai fara. Amma kaka ta shigo, yau Sheme gobe Sabuwa, motoci na jiran lodi, ya ce bari kakar ta lafa. Yana ƙara yawan maganin da yake sayowa, yana kwantar wa kansa hankali da shi.

Kakar ba ta gama lafawa ba, wata safiya kofin koko ya suɓuce daga hannun Malam Nata'ala, bakinsa ya karkace, ya zame daga kujera. Aka yi asibiti da shi, aka tura su babban asibiti, aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama a shanye. Yanzu kam Abdulgafar ya samu lokaci. Ya bar kasuwa a hannun yara, kullum ya tallafo tsohon ta hammata yana roƙonsa ya ɗaga ƙafa ko taku ɗaya ne. Ƙafar da ta yi shekara da shekaru tana cin hanya sai dai ta ja ƙasa. Wata rana ya kasa daurewa, ya zaunar da shi ya fashe da kuka a gabansa. Tsohon ya ɗora masa hannunsa mai lafiya a ka, da ƙyar maganar ta fito.

"Ba laihinka ba ne, Alhaji. Kai dai alheri ka nuhwa."

Da zagi ya yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Malam Nata'ala bai ga wata daminar ba. Ya rasu da hantsi, aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar a ƙofar gida. Jama'a ta taru, har da abokansa na Mabai waɗanda suka ƙi barin ƙauye, tsofaffi busassu masu farin gemu, wasunsu sun girme shi. Aka kawo shawarar a sa gawar a mota saboda maƙabarta da ɗan nisa, tsofaffin suka ce a'a, a kafaɗa za su kai ɗan'uwansu. Abdulgafar ya kama gaban makarar, ya yi niyya a ransa ba zai saki ba sai bakin kabari. Wannan kaɗai ya rage da zai iya yi masa.

Ba su kai ƙarshen layi ba ya ji ƙirjinsa ya ɗau zafi. Numfashi ya ƙi isa, gumi ya jiƙa masa riga, makarar ta fara karkata ta ɓangarensa. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, rabon da ya yi tafiya mai nisa a ƙasa har ya manta, daga mota sai benci a rumfa. Ya cije ya ƙara 'yan taku. Sai wani tsoho daga cikin mutanen Mabai ya zura kafaɗarsa ƙarƙashin itacen, ya ce masa a hankali, "Kawo, Alhaji. Kai ba ka saba wahala ba."

Ya saki. Jama'a ta ratsa ta gefensa tana sauri kamar yadda ake yi da gawa, tsofaffin na karɓeɓeniya ba ko haki. Ya yi ƙoƙarin bin su ya kasa, ya dafa katanga, daga nan ya zauna a dakalin wani gida yana jiran zuciyarsa ta lafa. Shi ne ya kamata ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Kafin ya iso maƙabarta har an fara mayar da ƙasa.