Kalmasar Wandon Auta

Da Auta na je taron horarwar, don ba ni da wanda zan bar wa shi. Mu ashirin ne 'yan sa-kai a ɗakin bayan asibiti, mun matsu a kan benci, fanka ɗaya tana juyawa kamar an yi mata dole. Shekara shida ina bin gidaje da zaren awon dantse. In ya nuna kore, yaro lafiya lau, in ja ne a kawo shi asibiti. Iyakar abin da aka koya mana ke nan, dantsen Auta kuwa kullum kore ne.

Ranar sai ga malamar jinya da wani katako mai lambobi na awon tsawo. Ta ce akwai yunwar da ba ta ramar da yaro, tsawonsa take ci. Shinkafa zalla cika ciki kawai take yi, sai an haɗa da ƙwai ko wake, ganye, ɗan kifi.

"Daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu ake gyara," in ji ta. "In an wuce nan, da wuya a maido abin da ya tafi."

Ta waiga tana neman yaron gwaji, ta hango Auta a jikina.

"Yaya, ara mana shi. Shekara biyu da rabi zai yi, ko?"

"Huɗu," na ce. "Da wata uku."

Auta ya hau katakon yana ta miƙe wuya, shi a dole babban mutum. Malamar ta duba lambar, ta sake dubawa, ta ƙi haɗa ido da ni. Ta kusa da ni ta raɗa mini, "Ƙila gado ne." Gadon wa? Ubansa sai ya sunkuya yake shiga ɗaki.

Na ce, "Malama, me ya sa sai yau ake gaya mana?"

"Makon jiya aka kawo mana katakon, Yaya."

An raba takardar shaida, an sa mu tafi, an ɗauki hoto. Ni ma na tafa, zuciyata tana tafasa. Ni da nake shiga gidajen mutane ina yi musu faɗa a kan 'ya'yansu, ashe rufin ɗakina ne ke yoyo.

Tun bara tela ya bar kalmasa yatsa uku a ƙafar wandon Auta, na yi masa alkawarin ranar da ya girma zan warware. Muna shiga gida ya ɗauko mini almakashi.

"Umma, an auna ni. A warware?"

Na dafa ƙwai biyu na ɓare masa. Na ce, "Ci tukuna."

Ya cinye tas, ya goge baki, ya je ya manna bayansa da bango kamar yadda malama ta nuna masa.

"Yanzu fa, Umma?"