Tassar Barmo

Ruwa na ɗaukewa Barmo ya saɓi kwasa ya nufi gona, ko kunun da matarsa Saude ta dama bai tsaya sha ba.

Shekara biyar ke nan da rabon gadon mahaifinsu. Barmo, da yake shi ne babba, ya kwashe jigawa da saman fako, ya bar wa ƙanensa Hashimu gangaren fakon, ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Sai mutanen furoje, masu aikin raya noma, suka zo Illela da dabarar tassa: a gina rami kamar ƙwarya, a zuba taki, ruwa ya kwanta, a yi shuka a ciki. Ba wanda ya kai Barmo dariya. Cewa ya yi Hashimu na gina wa zabi makwanci.

Bara kuwa Hashimu ya cika rumbu fal, jigawar Barmo ta gaji. Tun kafin bazara Saude ta fara ɗaukar ƙwarya zuwa wurin Talatu, matar Hashimu, roƙon hatsi. Barmo yana cin tuwon, yana jin kamar ƙaya yake haɗiya. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya sani.

Shi ya sa bana ya gina tasa tassar a saman fakon, ya juye duk takin gidansa, bai tambayi kowa ba. Ƙasar da ya haƙo kuwa, ta gefen tudu ya riƙa tara ta, don kada ko ƙwaya ɗaya ta gangara wa Hashimu.

Da ya isa sai ya tsaya cak. Ramukansa ɗan danshi kawai suka yi. A ƙasa kuwa na Hashimu sun cika suna ƙyalli, mai su yana tsaye a tsakiya, wando a naɗe.

"Hashimu, ruwana na wanga cikin gonarka," in ji Barmo. "Mi kay yi?"

"Ban yi komi ba, Yaya. Zo ka gani."

Hashimu ya hauro, ya durƙusa a bakin wani rami, ya dafa tulin ƙasar. "Ta gangare aka tara ta, ta tare ruwa ya zamna cikin rami. Kai ka rufe mashi ƙofa. Ya kewaye naka, ya taho wurina."

"Kana kallo wata biyu, kay yi shiru?"

"Sau biyu ina zuwa. Kac ce ba ka son gaisuwar masu rumbu."

Kunya ta kama Barmo, haushin kuma bai tafi ba. Ya dubi ramukan, sun miƙe har gindin aduwa, ga hadari yana sake haɗuwa a gabas. Hashimu ya riga ya fara jan ƙasar da hauyarsa.

Barmo ya sauke kwasa, ya jawo tulin farko zuwa gefen gonar ƙanensa.

"Kada Talatu ta ji wagga magana," ya ce, bai ɗaga kai ba.

"Ita taf fara gani, Yaya."