Wasiƙar da Nasira Ta Rubuto Daga Duniyar Wata

Mushe Idirisa (Mushe shi ne malam da Faransanci) ya zo lise ɗin Gure, wato babbar sakandare, da dabarar da ba a saba gani ba. Malaman Ingilishin da suka gabace shi allo suke cikawa da kalmomi, a kwafa, a haddace, a manta. Shi kuwa ran farko ya shigo ajin tarminal, ajin ƙarshe, da hoton kumbo manne a kwali, ya ce daga yau ajin nan jirgin ƴan sama jannati ne, kuma a cikinsa ba a jin Hausa, ba a jin Barbarci, ba a jin Faransanci. Ko fitsari za ka, sai ka nemi izini da Ingilishi. Aka yi ta dariya. Amma wallahi kafin wata huɗu, har waɗanda ba a san muryarsu ba sun fara gardama a kan abin da za a ci in an sauka duniyar wata.

Ba wanda abin ya shiga ransa kamar Nasira. Daga wani ƙauye take bayan Kelle, inda ba lise, don haka babanta ya kawo ta Gure ya damƙa wa Hajiya Biba, wadda suka haɗa kaka da ita. Shekararta uku ke nan a gidan. Ba ta da kowa a garin sai su, kuma ta sani sarai, ran da gidan nan ya rufe mata ƙofa, karatu ya ƙare. Saura wata biyu jarrabawar bak ta kammala sakandare.

Wata Litinin Mushe ya ba su aiki. Kowa ya ɗauka ya yi wata shida a sama, ya rubuto wasiƙa gida: me yake kewa, me kuma ya ji daɗin rabuwa da shi.

"Kada ku yi mini ƙarya," in ji shi. "Ingilishin ƙarya ba shi da daɗi. Ku faɗi gaskiyarku."

Nasira ta ɗaga hannu. "Mushe, wa zai karanta?"

"Ni kaɗai. Daga ni sai jan birona."

Ta yarda, don me zai sa ta ƙi? Mutumin nan shi ya fara ce mata tana da ƙwaƙwalwa. Ta zauna ta zazzage abin da ta shekara uku tana haɗiyewa. Ta rubuta cewa tana kewar innarta da warin nonon safe. Sannan ta rubuta cewa a sama ba wanda zai sa ta ɗebo ruwa jarka shida kafin ta tafi lakol, wato makaranta. Ba wanda zai kulle buhun hatsi da kwalbar man shanun da babanta ya kawo daga Kelle, ita kuma a bar mata ƙanzo. Ba wanda zai kira ta gaban baƙi ya ce, "Ga ta nan, don Allah muke riƙonta," kamar ana nuna akuyar sadaka. Da ta gama, sai ta ji ƙirjinta ya yi sakayau. Ingilishi ne ai, wa zai gane a gidan?

Sati biyu bayan nan insifekta ya zo daga Damagaram duba aikin malamai. Mushe Idirisa ya sha guga, har da takalmi sau ciki a wannan zafin. Yana tsakiyar darasi baƙon ya ce ya ga yara suna magana, to rubutu fa? Mushe ya buɗe jakarsa, ya zaro takarda. Tun daga benci na biyar Nasira ta gane rubutunta.

Ta kafe shi da ido, tana girgiza kai a hankali. Ya gan ta. Na rantse ya gan ta, don har ya yi mata murmushi, irin na "kwantar da hankalinki". Sai ya gyara murya ya fara.

Bai faɗi suna ba, wannan kam a ba shi. Amma ƴan Kelle nawa ne a ajin? Kuma ga Ummul Kulsum, autar Hajiya Biba, zaune a benci na biyu. Da a ce bara ne, da ko kalma biyar ba za ta tsinta ba. Yanzu kuwa, albarkacin kumbon Mushe, ta ji komai tas. Da aka zo kan man shanu ta waiwayo sau ɗaya, ta mayar da kanta gaba. Insifekta ya tafa, yara suka taya shi. Nasira ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa.

Da Ummul Kulsum ta kai labari gida, Hajiya Biba ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Washegari Nasira ta je ɗaukar jarka, Hajiya ta ce, "A'a, bari, kada ki gaji." Da rana aka zuba mata tuwo a kwanon baƙi, aka sa mata mai har yana kwaranya, aka ajiye gabanta kafin kowa. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini." Hajiya ta ce, "Me kika yi? Ai gaskiya kika faɗa, har da Turanci." Kwana uku ana haka.

Ran na huɗu ta dawo daga lakol ta tarar da kayanta a ɗaure a zaure. Gefensu ga ragowar buhun hatsin, ga kwalbar man shanu.

"Ki je ki gaida innarki, tunda kina kewarta," in ji Hajiya. "Ki ce wa babanki na gode. Shekara uku na yi iyakar ƙoƙarina."

Tana zaune a tasha kan buhun, ana lodin motar Kelle, sai ga Mushe Idirisa a kan babur. Ashe nemanta yake yi. Ta miƙe da sauri. Ta ɗauka ya ji labari, ya zo ya kai ta ya ba Hajiya haƙuri, ko ya ce ya samo mata wani gidan.

"Nasira! An ce za ki gida. Yaushe za ki dawo?"

"An sallame ni, Mushe. Saboda wasiƙar."

Ya yi turus. "Haba! Ai ban faɗi sunanki ba."

"Ka ce kai kaɗai za ka karanta."

"To, ai ke ma kin ga yadda abin ya zo. Mutumin ya nemi rubutu, naki ya fi na kowa. In nuna masa na wa?" Ya share zufa, ya dubi agogo. "Mata ne, za ta huce. Ki ba ta kwana biyu." Sai ya buɗe jaka ya zaro takardar. "Dama insifekta ya ce in aika masa da ita Damagaram, za a nuna wa sauran malamai. Sai dai jan biro ya ɗan ɓata ta. Ko za ki sake kwafe mini da kyau kafin motar ta tashi?"

Nasira ta dubi takardar. Maki sha takwas bisa ashirin, an zagaye shi da ja. Ta ƙi bari hawaye su zubo a gabansa.

"Mushe, da ka karanta ta a gida, ka ji abin da na ce?"

"Sosai ma," in ji shi, fuskarsa ta washe. "Kuskure biyu kacal na samu."

Direba ya danna oda. Ta sunkuya ta ciccibi buhun ita kaɗai, ta bar shi tsaye da takarda da biro a hannu.