Shelar Sodangi

Sodangi ya jingina tsani da bangon ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora ƙafa a matakin farko. Sannan ya cika ƙirjinsa da iska, ya yi shelar da kowane namiji mai kunya yake yi a Dingyaɗi kafin ya hau rufi, don kada idonsa ya faɗa tsakar gidan maƙwabta.

"Za a hau bisa! Mata a shiga ɗaki!"

Ya ɗaga muryar fiye da yadda ake bukata, don ba mata kaɗai yake so su ji ba. So yake ta kai ƙofar gida, gindin dogonyaro, inda abokan majalisarsa suka shimfiɗa tabarmi tun da sassafe suna jiran su ga manomin albasa ya koma injiniya.

"Ba a hawa!" in ji wata murya daga bayan katanga.

Nana Hauwa ce, mahaifiyar maƙwabcinsa Haliru, wanda ya tafi kudu da lodin albasa ya bar mata gida da matarsa Hafsat.

"Inna Nana, ina kwana? Ni na, Sodangi."

"Na san kai na. Wa ad da wagga murya in ba kai ba? Hafsat na wanka. Ka manta jego takai?"

"To in ta ƙare hwa?"

"In ta ƙare rana ta ɗaga. So kakai in tura maijego da jinjiri cikin ɗakin kwano, in rufe su kamar gurasa cikin tanda, hal sai ka ƙare ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashenka? Da marece kuma ga wani wankan. Ka bari a yi arba'in."

"Inna Nana, tsohuwata ba ta da lahiya."

"Na sani, Allah shi ba ta sauƙi. Amma Haliru amanag gidanai yab bar min. Namiji ba shi leƙa shi."

Sodangi ya sauke ƙafarsa daga tsani. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne matar nan tana da gaskiya, kuma ya san da haka.

Tun da aka sallamo Inna daga asibiti a Boɗinga take kwance. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, a kiyaye ta da zafi. Ya faɗi haka cikin sauƙi, sai ka ce bai san bazarar Sakkwato ba, wadda ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Turakun lantarki suna nan tsaye a bakin titi, amma tsuntsaye ne kawai ke morar wayoyinsu. Zulaihatu matar Sodangi da 'yarsu Rashida suka riƙa karɓa-karɓar mafici har kafaɗunsu suka yi tsami, Inna kuwa ba ta barci, sai haki. Shi ya sa ranar kasuwa Sodangi ya sayar da albasar da ya ɓoye yana jiran ta yi tsada, ya dawo da farantin sola guda, da batir, da fanka mai aiki da batir, da naɗin waya ja da baƙa, da wani ɗan akwati da ake kira kwantirola, mai tsare batir kada rana ta cika shi har ya lalace.

Da ya tsaya a nan da babu laifi. Amma Sodangi mutum ne da bakinsa ke riga shi isa wuri. A daren kasuwar ya shaida wa majalisa cewa ba zai kira kowa ba, da hannunsa zai haɗa. Ɗanliti mai shayi ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ranar zai rufe tebur ya zo kallo. Abin da Sodangi bai faɗa ba shi ne wanda ya lissafa masa kayan da zai sayo. Bara Rashida ta je Shagari koyon sana'a, shi kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Sana'a dai," ya bar mutane suna zaton ɗinki ne.

Jiya da yamma sun gwada fankar da 'yar wutar da batir ya zo da ita daga shago. Inna ta lumshe ido, numfashinta ya daidaita, ta yi barcin da rabonta da shi tun kafin asibiti. Ba a jima ba fankar ta yi sanyi, ta tsaya, tsohuwa ta farka cikin gumi tana waige-waige. Wannan waigen ne ya hana Sodangi sukuni.

"To a aje shi ƙasa mana," ya ce wa Rashida, wadda ke tsaye da farantin a jingine da ƙafarta. "Rana dai rana ta, bisa ko ƙasa."

Ba ta musa masa ba. Suka zaga tsakar gida da shi. Nan inuwar dogonyaro, can inuwar rumbu, gaba kuma katanga. Wurin da rana ke ɗan daɗewa shi ne turken awaki, kuma kafin su gama shawara wata 'yar akuya ta ɗora ƙafafun gaba a kan gilashin tana shirin hayewa. Sodangi ya kai mata duka da hula.

"Baba, ko mu hwara da na cikin ɗaki?" in ji Rashida.

Suka shiga. Yarinyar nan ta iya zama da uba. Ba ta taɓa ce masa yi kaza ba, sai dai ta yi tambaya, ta bar shi ya ba da amsa.

"Baba, kwantirolan nan bisa bango za a kahe shi, inda yara ba su kaiwa, ko?"

"Ƙwarai kuwa. Bisa bango."

Ya kafe shi da ƙusa. Ya ɗauki reza ya fere bakin wayoyi, ya murɗe zaren jan ƙarfen da yatsunsa masu kaushi. Da ya nufi ramukan da aka zana hoton faranti a kansu, sai ta ce, "Ba batir aka hwara ɗaurawa ba, Baba? Don kwantirola shi san ƙarhin batirinai kahin rana ta shigo mai?"

"Gwada ki nikai," in ji Sodangi, ya mayar da hannunsa ramukan batir.

Ja ta tafi wurin alamar ƙari, baƙa ta tafi wurin alamar ragi. Rashida ta miƙo masa fis, ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya saka shi a jikin jar wayar kusa da batir, ya ɗaure sukurori tamau, ita kuma ta bi kowace waya tana ja a hankali don ta ji ko ta kamu. Wata 'yar fitila ta kama a fuskar kwantirola, ja, alamar batir yana jin yunwa. Suka haɗa fanka a ramukanta, amma ko motsi ba ta yi ba. Wayar faranti kuwa tana naɗe a bakin taga, ba ta da inda za ta.

Hantsi ya ɗaga, kwano ya fara ƙara a bisa kansu. Inna tana kan katifa, zanenta ya jiƙe, bakinta a buɗe. Zulaihatu tana fifita da hannun hagu, don na dama ya gaza.

"Sodangi," in ji Inna, da ƙyar, "bari wahal da kanka. Na gode."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya fito ya tsaya gindin tsani yana kallon rufin, ga rana tana zuba a kansa a banza. Rashida ta biyo shi, ta tsaya ɗan nesa, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ni in na hau, ba sai an shiga ɗaki ba."

Kafin ya buɗe baki, bayan katanga ya amsa, don Nana Hauwa kunnenta bai tsufa ba. "Mace kam ta hau! Ko kwana za ta yi bisa, ta hau!"

Sodangi ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ɗakin Inna yana jikin zaure, duk wanda ya hau rufinsa a idon titi yake. Ya hango fuskar Ɗanliti. Ya hango maganar tana yawo daga teburin shayi zuwa kasuwar Boɗinga: budurwa a kan rufi, uba a ƙasa yana riƙe da tsani. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa, ya kuma ji haushin kansa da yake jin kunyar. Daga cikin ɗaki ya ji Inna ta yi tari, ta nemi ruwa.

"Tahi ki sa wando ƙarƙashin zane," ya ce. "Ki jira ni."

Ya fita ta zaure. Majalisa ta cika, har da liman, Malam Abdulrazak, yana jan carbi a gefe.

"A'a, injiniya!" in ji Ɗanliti. "Mun ji shela tun ɗazu, ba mu ga kowa bisa ba. Ko tsanin na yaƙ ƙi?"

Aka yi dariya. Sodangi bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar hanya, ya cika ƙirjinsa da iska kamar ɗazu, ya buɗe murya har ta kai gidajen ƙarshen layi.

"Za a hau bisa! Maza a kau da ido! Ɗiyata Rashida za ta hau!"

Mutanen majalisa suka dubi juna. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin shelar nan a juye ba.

"Ɗiyarka?" in ji Ɗanliti. "Ba ɗinki tak koyo ba?"

"Wanga aiki tak koyo Shagari. Ita ta san shi, ni ƙusa nika bugawa. Ku juya, rana na wucewa, tsohuwata na jira."

Wani ya fara gunaguni. Malam Abdulrazak ya miƙe, ya ja buzunsa, ya zauna yana fuskantar bangon masallaci, ya ci gaba da jan carbinsa. Da liman ya juya, wa zai tsaya? Ɗaya bayan ɗaya suka juya tabarmi, Ɗanliti ne na ƙarshe, yana ƙunƙuni cewa ya rufe tebur don ya zo kallon bango.

Rashida ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta hau, ubanta yana danne da tsani da hannu biyu. Ya jefa mata tsofaffin buhunan albasa ta shimfiɗa saboda kwanon ya yi zafi. Tana taka layin ƙusoshi kawai, inda katako ke ƙasa. Ya ɗaure ƙarfen ɗora faranti da mai walda ya ƙera masu da igiya, ta ja, sannan farantin, wanda ta sa aka lulluɓe da tsohon zanen Zulaihatu don kada ya fara ba da wuta tana riƙe da waya. Ta juya shi yana kallon kudu, ta ɗan kishingiɗar da shi, ta bi kusurwoyinsa da sukurori.

"Sannu, Rashida!" in ji Hafsat daga can, jinjiri a kafaɗa. "Ashe haka kike?"

"Riƙe da kyau, ɗiyan nan," in ji Nana Hauwa. "In kin ƙare ki dubo man tawa kaza, bisa rumbu take ƙwai."

Sodangi yana ƙasa, wuyansa a ɗage, gumi na shiga masa ido bai share ba. Yana kallon yadda take riƙe filaya, yadda take naɗe mahaɗar waya da salatif ba gaggawa ba tsoro. Wani abu ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi. Alfahari ne, irin wanda bai taɓa ji ba ko shekarar da albasarsa ta fi ta kowa a fadama.

"Baba!" ta kira. A bisa rufi tambayoyi sun ƙare. "Ja wayar ta taga. Ja ga ƙari, baƙa ga ragi. Ka ɗaure da kyau, ka hwaɗa min."

"To," in ji Sodangi, ya ruga ciki kamar ɗan aike.

Da ya ɗaure ya ƙwala mata kira, ta yaye zanen. Fitila ta biyu ta kama a jikin kwantirola, koriya. Fanka dai shiru. Rashida ta sauko, tafin hannunta ja wur, ta ce sai batir ya ɗan sha rana. Suka zauna su uku suna kallon fanka, Zulaihatu tana ci gaba da fifita. Sodangi ya yi salati a zuci, ya sake yi. Har ya fara tunanin abin da zai ce wa majalisa.

Sai fukafukan suka motsa, kamar masu shawara, suka zaga sau ɗaya, suka ɗauki gudu. Gefen ɗankwalin Inna ya fara kaɗawa. Zulaihatu ta ajiye mafici a ƙasa, ta riƙe kafaɗarta, hawaye suka zubo mata.

Inna ba ta buɗe ido ba. Ta ja dogon numfashi, ta sake shi a hankali, ta laluba ta kamo hannun ɗanta.

"Allah shi yi maka albarka, Sodangi."

Albarkar nan yake nema tun ranar kasuwa. Ya dubi Rashida, wadda ke bakin ƙofa tana hura tafin hannunta.

"Ba ni ba na, Inna. Aikin Rashida na."

"Na sani," in ji tsohuwar, barci yana jan muryarta. "Tata albarka daban take. Kai shelarka naj ji."